Inda na kwana kan adana takardun waƙa a daminar nan

'Yan'uwa masu koyo, ga rahoton wannan karon. Tarina bai ƙaru sosai ba, don aikin ya koma kan ajiya, sayen sababbi na ɗan jingine shi.

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan: abin da muke tarawa waƙa ce guda a kan takarda guda, an buga ta a fuska ɗaya da harufan ƙarfe ko na katako, sau da yawa a kan takardar auduga mai kauri. A ƙasa za ka ga lamba da fensir, misali 14/100, wato ta goma sha huɗu cikin ɗari, wani lokaci da sa hannun mawaƙin. Sana'ar ta fi ƙarfi a Amurka da Ingila da birnin Dublin na ƙasar Ireland, inda maɗaba'ar Cuala ta Elizabeth Yeats ta riƙa fitar da makamantan waɗannan kowane wata daga 1908 zuwa 1915, da zanen ɗan'uwanta Jack, kwafi 300 kacal.

Ku riƙe ɗaya kusa da taga, ku karkata ta har haske ya zo ta gefe. Za ku ga kowane harafi ya ɗan nutse cikin takardar, yana da 'yar inuwarsa. Wannan nutsewar ita ce kuɗin da kuka biya. Shi ya sa nake roƙonku, kada ku kai ta shagon laminatin kamar takardar shaidar makaranta. Zafi da gam suna shiga jikin takardar, ledar ba ta ɓaruwa lafiya, kuma mai saye na gaske ba zai ko kalle ta ba. Salatif ma haka yake: bayan 'yan shekaru gam ɗinsa ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita.

Abin da na yi bana shi ne, na kwantar da kowace a shimfiɗe cikin rigar leda ta poliyesta, irin wadda ake kira Mylar ko Melinex, sannan cikin kwali marar asid. Kwalin kanti na yau da kullum yana da sinadarin lignin, shi ne ke sa tsohuwar jarida ta yi rawaya, kuma yana shafa wa maƙwabciyarsa. Ba na ɗora da yawa a kan juna.

Babbar fitina a wajenmu ita ce Agusta. Danshin iska in ya haura kashi 65 cikin ɗari ya daɗe, fumfuna za ta fara. Na sayi ɗan ma'aunin danshi, na zuba ƙullin silika mai tsotse danshi a akwatin, na ɗaga shi daga ƙasa, na kuma janye shi daga bango saboda gara. Hunturu kuwa akasin haka ne, takarda ta bushe gefenta ya lanƙwashe, ƙura ta shiga ko'ina.

Guda ɗaya ce kawai a firam, a bangon da rana ba ta bugawa. Gidajen tarihi ma haske ɗan kaɗan suke ba takarda. Yanzu ina koyon liƙa ta da takardar Japan mai laushi da sitacin alkama dafaffe, tun da shi ana iya cire shi da ɗan ruwa. A kan takardun banza nake gwaji tukuna, kuma har yanzu sitacin yana yi mini ruwa-ruwa. Wanda hannunsa ya faɗa a kai, ya gaya mana yadda yake tace nasa.