Abin da ba a cirewa a jikin babur a Legas

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ta ƙara huɗu a watan Satumba, aiki ya yi sanyi a garejinmu na Agege. Mu ba ma cikin jerin, amma yaranmu da ke ɗaukar fasinja a Ikeja da Surulere da Oshodi, wasu sun tattara sun koma Arewa, wasu an kame musu babura. Ana cikin haka wani matashi, ɗan wani ɗan canji, ya turo mini tsohuwar Honda CG125 ta mahaifinsa, wai a mayar masa da ita cafe racer. Da a ce lokacin kasuwa ne da ko sauraronsa ban yi ba.

Salon daga Ingila ya fito, a shekarun 1950 zuwa 1960. Samarin Landan da ke taruwa a wani wurin shan shayi mai suna Ace Cafe sukan tuɓe wa babur duk abin da ke ƙara masa nauyi, su sauko da hannunsa ƙasa, su mayar da matakin ƙafa baya, don mutum ya kwanta a kan tanki ya nemi gudun mil 100 a awa, wato kilomita 160. Wasu ma injin babur ƙirar Triumph suke ɗorawa a firem ɗin babur ƙirar Norton, su kira shi Triton. Ita kuwa CG125, a 1975 Honda ta fito da ita saboda ƙasashe irin namu, inda ake lafta wa babur kaya kuma ba a juye baƙin mai a kan lokaci. Ƙarfinta wajen doki 11 ne, in ta yi ƙoƙari ta ba ka kilomita 100 da 'yan kai a awa. Ban ɓoye masa wannan ba.

"Oga, ni kamannin nake so, ba gudun ba," in ji shi.

Na ce, "To, Alhaji ƙarami, kamannin ma sai mun tambayi titi."

Bakaniken acaba a cikin gaggawa ya taso. Mai babur na tsaye a kanka, kowace awa da ta wuce kuɗin balas ɗinsa ne ke tafiya, sai ka ɗaure abin da ya kwance ya kama hanya. A wannan aikin babu mai kora ta, kuma a nan na ga cewa jerin aiki shi ne rabin gwaninta. Kafin in taɓa injin yankan ƙarfe, sai da na tayar da babur ɗin yadda ya zo: sabon ringi, saitin bawul, wankin kafireta, da kankare tsatsar cikin tanki, wadda iskar teku ba ta raga wa duk ƙarfen da aka jingine. Dalilin mai sauƙi ne. Idan ka canza abu biyar a tare injin ya fara tari, ba ka san wanne za ka kama ba. Sannan na gwada lambar firem da ta inji da abin da ke cikin takardu, na rufe su da tef kada fenti ko garanda su shafe su. A garin da ake murƙushe baburan da aka kama, babur ɗin da ya sauya kamanni kuma lambarsa ba ta karantuwa, rigima ce kawai ka haɗa wa mai shi.

Yankan firem shi ne inda hannu ke rawa, don abin da aka yanke ba ya komawa yadda yake. Kyan cafe racer a miƙaƙƙen layin da ya taso daga ƙasan tanki har ƙarshen sit yake. Na ja zare, na sa alli, na bar alamar ta kwana, sannan muka yanke bayan inda shokozoba ke kamawa, mai walda ya lanƙwasa bututu ya rufe. Kariyar ɗora kaya da doguwar sit da murafan gefe duk suka tafi, ban yi kewarsu ba.

Gardamar da muka fi daɗewa a kai ta akwatin iska ce, wato akwatin da filta ke ciki. A hotunan da matashin yake nuna mini a waya, an cire akwatin an maƙala ƙaramar filta a bakin kafireta, tsakiyar babur ta zama fayau kana hango wancan gefen. Yana da kyau, ban musa ba. Amma da zarar ka cire akwatin, iska ta fi mai yawa, injin ya riƙa zafi yana harbi a salansa, sai ka ƙara girman jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireta, kana duba fulogi: in ya fito fari, mai ya yi kaɗan, in baƙi ne, ya yi yawa, ruwan ƙasa ake nema. Wannan duk mai yiwuwa ne. Abin da ba shi da saiti shi ne damina. A watan Yuni da Yuli, mota ɗaya ta gifta ka a titin da ruwa ya kwanta, buɗaɗɗiyar filta ta shanye abin da aka watso, inji ya mutu a tsakiyar danfo, motocin hayar Legas. Na bar masa akwatin, na yi masa baƙin fenti ya ɓace wa ido. Ya yi kwanaki yana cika yana batsewa.

Haka madigadin gaba. Masu baburan cikin hotunan suna cire shi, alhali ban da tare taɓo, shi ke riƙe ƙafafun gaba biyu kada su murɗe idan taya ta faɗa rami. Na rage masa tsawo kawai. Faffaɗar taya kuma na ƙi ta gaba ɗaya, don injin 125 ba shi da rarar ƙarfin da zai ɓata wajen jan nauyin ado.

Hannun ne ya koya mini abin da ban sani ba game da jikin mutum. Shekaru ina gyaran babura ban taɓa auna mahayi ba. Gajerun hannayen da ake ɗaurewa a ƙafar gaba suna jefa nauyin mutum kan wuyan hannunsa. A kan gudu iska ke tallafe ƙirji, amma a gosulo na Iyana Ipaja babu iskar da za ta tallafe ka, ga kulochi kana matsawa ba hutawa. In ka sauko da hannu ba ka mayar da mataki baya ba, gwiwa ta haɗu da gwiwar hannu. In ka karya kan sosai, hannun ya doki tanki. Na zaunar da shi a kan babur ɗin, na sa ya rufe ido ya miƙa hannu inda ya ji daɗi, a nan muka ɗaura, ya fi na hoton tsawo da kusan yatsu huɗu.

Salansa ya so a fafe ta don ta riƙa yin ƙara. Na ce masa ba girin-girin ba dai, ta yi mai, kuma da maƙwabta zai kwana. Kuɗin ya tafi kan sabon takalmin birki da sarƙa da wayoyin wuta da muka sake ja daga farko, waɗanda babu wanda zai gani ya yaba. Fenti shi ne ƙarshe, kore mai duhu, bayan an gwada komai an sake kwancewa.

Tun dokar hanya ta 2012 ake kallon babur ɗin da bai kai 200cc ba da wani ido a manyan tituna da gadoji, don haka a cikin unguwa matashin yake hawan Hondar tasa, galibi safiyar Lahadi, da hular kwano da takardu a aljihu. Abokansa biyu sun zo da nasu hotunan. Ɗaya na karɓa. Ɗayan kuwa, wadda yake so a mayar masa Boxer ce mai lafiya da wani yaro ke ci da iyali da ita a Ogun, na ce ya bar ta ya nemo wadda aka jingine.