Ga hanya kwance a bayan gonarmu

Asabar, bayan sallar isha'i.

Tun hantsi muke gona muna kakkaɓe riɗi, ni da Baffa da ɗan yayana da ya zo hutu daga Kano. Buhu shida muka samu, alhamdu lillahi. Da mai amalanke ya faɗi kuɗin kai su bakin titi, ga kuma na mota zuwa Ringim yana jiranmu, sai Baffa ya ɗaga sandarsa ya nuna layin dogon da ya ratsa bayan gonar. Ya ce, "Ga hanya kwance, mu kuma muna neman hanya."

Muka koma inuwar tsamiya. Baffa ya shiga lissafo tashoshi da yatsu kamar mai jan carbi: Zakirai, Ringim, Taura, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, sai Nguru. Jirgi ya fara isowa Kano a 1911, wannan reshen namu kuma a 1930 ya kai Nguru. Don gyaɗa da fatu Turawa suka shimfiɗa shi, amma talaka ya ci moriyarsa. Baffa ya ce yana yaro, da kukan jirgi mata ke gane lokacin ɗora tukunya. Yanzu sai a daɗe ba mu ji shi ba, awaki ne ke kiwo a tsakanin ƙarafunan.

Nan yaron ya ciro wayarsa ya ce, "Baffa, duba wannan." Wani ɗan jirgi ne mai tarago biyu, mara nauyi, yana jan wuta daga wayar da ke samansa, yana tafiya a tsakiyar titi tare da motoci. Tiram ake ce masa. A Mancesta ta Ingila, a 1992, tsofaffin layukan dogo biyu da ke zuwa garuruwan gefen birni aka gyara, aka haɗa su da sabon layi ta tsakiyar gari, tiram ya hau. A shekarar nan dai, a Kalsruhe ta Jamus, suka fito da wanda ke bin titin gari sannan ya hau layin manyan jirage ya shiga ƙauyuka. Wannan na biyun ne ya tsaya mini a rai. Kuma abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan, don Legas ta yi nata mai aiki da tururi daga 1902 zuwa 1933.

Baffa ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce, "To ɗana, wutar fa? Mu da ko ƙwai ɗaya ba ya kwana a kunne."

Gaskiyarsa. Akwai ma wata matsalar da na sani: tsakanin ƙarafunan layinmu milimita 1067 ne, sabon da ake yi daga Kano zuwa Maraɗi kuwa 1435, don haka abin da ya hau wannan ba zai hau wancan ba. Duk da haka ban ga abin da zai hana a sa mana ƙaramin tarago mai injin dizal ko batir ba, wanda zai riƙa tsayawa a kowane ƙauye safe da yamma. Filin an riga an share, gadoji suna nan, abin da ya fi cin kuɗi kakanninmu sun gama shi da diga da kwando. Ina tuna maƙwabciyarmu da naƙuda ta zo mata da gardama cikin damina, aka ɗauke ta a babur cikin taɓo, alhali layin nan ya miƙe sak har Ringim. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Da la'asar muka biya mai amalanke. Wajen tsallaka layin sai da muka sauke buhu biyu, shanun suka iya haurawa. A hanyar gida Baffa ya ce wa yaron ya sake nuna masa na Jamus ɗin, ya tambaya ko ana barin mutum ya shiga da buhu.