Tarihin Rayuwata (Kashi na 14): Ƙahon da Ke Bakin Wani

A makon jiya na tsaya ne a ranar da na sayar da shinkafar rani a Haɗejiya, na biya bashin taki da na Kawu, na sayi wata tsohuwar waya mai lafiya da abin da ya rage. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, sai da wayar nan ta yi kwana tara a aljihuna kafin na iya sauke wasan Old School RuneScape a kanta. Data kam akwai. Kunya ce ta riƙe ni.

Masu bin labarin nan tun farko sun san na fara Old School RuneScape ne a 2019, lokacin ina koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre a Kano. Kamfanin Jagex na birnin Kambirij a Ingila ne ya fito da shi a 2013, ya gina shi a kan yadda wasan yake a 2007, sannan a 2018 ya sauko kan waya. Ba ya cin data sosai, ba ya buƙatar waya mai tsada, shi ya sa irinmu muka samu shiga. A can na haɗu da mutum huɗu da muka zama ƙungiya: biyu daga Birazil, ɗaya daga Filifin, sai wani ɗan zango daga Kumasi wanda ranar da na fara ganin ya rubuto "sannu da aiki" da Hausa sai da na miƙe tsaye a shago.

A watan Satumba na 2022 ina gida, a ƙauyenmu na ƙasar Auyo, na zo taya Baba aikin damina. Mun yi alkawari da su daren Juma'a za mu haɗu mu ƙarasa abin da muka faro. Ranar Laraba ruwa ya taso. Duk wanda yake Jigawa a shekarar ya san abin da ya faru. Muka kwana a bakin jinga muna cika buhuna da ƙasa, wayata ta faɗa ruwa, gonarmu ta tafi, Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ban koma Kano ba, ban kuma yi wa mutanen nan ko sallama ba. Shekara biyu da wata takwas.

To ranar ta goma, bayan sallar isha'i, na shimfiɗa tabarma a bayan rumbu, inda sabis ya fi kamawa a gidanmu. Lambar sirri tana nan a kaina kamar jiya. Na shiga, na tarar da mutumina na cikin wasan a tsaye a inda na bar shi, da kayan da na bar masa a jiki. Na buɗe jerin abokai. A wasan, wanda ba ya nan ja ake nuna shi. Ja, ja, ja. Ɗaya ne kawai yake da launin ɗorawa, alamar yana nan amma a wata duniyar daban, don wasan kashi-kashi ne, kowa da inda ya shiga. Ɗan Kumasi ne.

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. Kafin in tura sai ga saƙonsa: "Ɗan'uwa, kai ne kuwa? Kana raye?"

Na ba shi labari a taƙaice. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya rubuto: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta. Mun ga labarin ruwan, kullum ina duba sunanka." Ko sau ɗaya bai ambaci daren Juma'ar nan ba. Na kifa wayar a kan tabarma na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza, saboda a ranar ni ne babba, ni ake kallo.

Wurin da muke son komawa sai mai rajistar biya ke shiga. Akwai wata takarda da ake kira bond, ana iya sayenta da kuɗin cikin wasa, tana ba mutum kwana 14. Kuɗin da na bari a bankin wasa bai kai ba, farashi ya tashi a bayana. Ɗan Kumasi ya same ni a Grand Exchange, kasuwar birnin Varrock, ya miƙo mini ɗaya. Na ce zan biya. Ya ce in biya da zuwa a kan lokaci.

Bari in yi muku bayanin wurin, don idan ba ku gane shi ba, ba za ku gane abin da ya mayar da ni ba. Sunansa Barbarian Assault. Mutum biyar ke shiga, aiki huɗu: mai hari, mai tsinta, mai jinya, mai tsaro. Galibi masu hari biyu ne. Zagaye goma ake yi, dodanni na fitowa daga kogo, kowa da irin nasa. Ni mai tsaro ne tun asali. Aikina in ja wasu dodanni masu gudu zuwa tarko, ta hanyar zuba musu abinci a ƙasa, kamar yadda Inna ke jan kaji zuwa akurki da tsaba. Abincin iri uku ne, kuma duk daƙiƙa 30 wanda ya dace yana canzawa. Idan tarko ya karye in ɗauki guduma da itace in gyara.

Ga inda gizo ke saƙar. Ni ba a nuna mini abincin da ya dace da nawa dodannin. Mai jinya ake nuna wa, shi zai busa ƙaho ya faɗa mini. Ni kuma a idona ake nuna irin gubar da shi zai yi amfani da ita a kan nasa dodannin, ni zan busa masa. Haka mai hari da mai tsinta suke tsakaninsu. Komai ƙwarewarka, abin da kake buƙata yana bakin wani. Idan ya manta bai busa ba, kai za ka yi kuskure, maki kuma ya ragu. Idan mutum ɗaya ya mutu, duka biyar ɗin an fito da ku. Na san wasanni da yawa da ake cewa na haɗin gwiwa ne alhali kowa ta kansa yake yi. Wannan kam gayya ce ta gaske, irin wadda idan mutum ɗaya ya bar kunyarsa ba a nome ba kowa zai gani.

Ɗan Kumasi ya ɗauki jinya, ya samo mana baƙi uku. Zagaye biyun farko hannuna na rawa, na zuba abincin da bai dace ba, dodo ɗaya ya wuce ni. Daga na uku jiki ya tuna. A na shida sabis ya ɗauke. Ina kallon mutumina ya sandare, ina jin lokacin busa ƙaho yana wucewa, ba yadda zan yi. Da na dawo zagayen ya watse, ɗaya daga cikin baƙin ya bar mini baƙar magana ya tafi. Ban ga laifinsa ba sosai, lokacinsa ne ya tafi. Amma abin ya sosa mini tsohon miki.

Ƙanina ne ya fito da dabara. Ya ce, "Yaya, kawo layin a sa a wayata." Muka ɗaura tasa a kan dogon gora, muka jingina da katanga, ita ke kamo sabis daga sama tana rabo wa tawa a ƙasa. Inna ta leƙo da fitila ta ce, "Kai da wannan abu har yanzu? Gobe fa akwai ban ruwa." Na ce, "Inna, wasu mutane ne nake da alkawari da su." Ta dube ni ta ce, "To alkawari kaya ne. Ka sauke ka zo ka kwanta."

Washegari da dare muka sake haɗuwa, har muka kai zagaye na goma, inda sarauniyar dodannin take, wadda muka bari tun 2022. Makami na yau da kullum ba ya kama ta. Mai tsinta zai ɗauko ƙwai mai launin ɗorawa ya ba mai jinya ya tsoma a guba, shi ya ba mai hari ya sa masa ƙaya, shi ya miƙo mini in gasa a narkakken dutse, ni in mayar wa mai tsinta ya ɗura a igwa. Ƙwan na zagayawa hannu da hannu sai na ga jingar garinmu a idona: buhun ƙasa na fitowa daga hannun Kawu zuwa na Baba, daga na Baba zuwa nawa, ruwa iya gwiwa, ba mai ɗaga kai. Ban tsaya ba. Na gasa, na miƙa, na sake karɓa, har ta faɗi.

Ɗan Kumasi ya rubuto, "Juma'a ta yi." Daren Talata ne. Na ce masa ƙarfe tara ranar Asabar zan dawo, idan kuma wani abu ya hana ni, ga lambar ƙanina, zai ji daga gare mu. Na sauko da goran, na mayar wa yaron wayarsa da cajin da bai fi kashi huɗu ba, na yi masa alkawarin kuɗin mai sola da safe.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin yadda muka gano ɗan Filifin, da abin da ya sa shi ma ya ɓace.