Abin da baƙar ƙasar Gadarif ta koya mini a kan gidan ɗan gudun hijira

Aikina a sansanonin 'yan gudun hijira na Um Rakuba da Tunaidba, a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, shi ne duba gini. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauke ni, don na karanta gine-gine, kuma ni ɗan Gadarif ne, na san inda ake sayen gora da ciyawa ba tare da an yi mana kuɗin baƙo ba. Na shiga aikin bayan ɓarkewar yaƙin Tigray a Nuwamban 2020, lokacin da mutum wajen dubu 60 suka tsallako daga Habasha, akasarinsu ta garin Hamdayet da ke kan iyaka. Aka sake buɗe Um Rakuba da ke kusa da Doka, wadda ta taɓa karɓar 'yan Habasha a yunwar shekarun 1980, da ta cika sai aka buɗe Tunaidba a Janairun 2021. Ƙasa da izini suna hannun hukumar 'yan gudun hijira ta Sudan, takwararta ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, ke haɗa kan ƙungiyoyi, kuɗi kuma daga ƙasashen waje yake zuwa.

Tanti rahama ne a makon farko. Mutumin da ya kwana a fili da 'ya'yansa, in ka kafa masa tanti kafin magariba, ka yi masa babban abu. Sai dai ba a yi shi don daminarmu ba. Ƙasarmu baƙar laka ce, wadda take ba mu dawa da riɗi har sunan Gadarif ya zaga duniya, amma ba ta shiri da gini. Da rani takan tsage har ƙafar yaro ta shige, da ruwa ya sauka kuma ta kumbura ta koma taɓo, turken da ka kafa jiya yau yaro ma zai zare shi. A watannin Mayu da Yunin 2021 iska da ruwa suka kwantar da dubban tantuna a sansanonin biyu. Na ga mata suna tsamo garin da aka raba musu daga cikin kwata, na ga takardun makaranta da aka ɗauko tun daga garin Humera na Habasha an baza su a kan igiya ko za su bushe. Babu wani manomi a yankin da abin ya ba mamaki.

Bayan wannan ne aka koma ga gutiyya, ɗakin nan mai zagaye da jinka wanda kowa a gabashin Sudan ya tashi a cikinsa. A nan na yi karatun da makaranta ba ta ba ni ba, a hannun wani dattijon usta, wato gwanin magini, Bahaushe da muka ɗauko daga gari. Ranar da na nuna masa zanen da aka aiko mana, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, wanda ya zana wannan ya iya aikinsa, amma bai taɓa taka ƙasar nan da damina ba." Na ce, "To Baba, ina gyaran?" Sai ya sa aka haƙa ramin tushe ya wuce inda tsagar ƙasa take tsayawa, aka zuba dutse da yashi, aka ɗaga daɓen ɗaki sama da fili yadda ruwa ba zai kwanta a ciki ba, aka fitar da ƙaramar magudana a kewaye. Tsaiko kuwa ya ce a tsayar da shi sosai don ruwa ya gangara da sauri, a ƙara yawan tanka, a yanta ciyawa da kauri, a bar bakin jinka ya sauko ya kare bango. Ƙafafun itace a ƙona gindinsu ko a shafa musu baƙin mai saboda gara. Bango mai zagaye iska ba ta samun fuskar da za ta buga, sai ta bi gefe ta wuce.

Su kansu 'yan Tigray ɗin maginan dutse ne tun kaka da kakanni, gidajensu na gargajiya da dutse ake jera su. Da aka fara ɗaukarsu aikin tushe ana biyansu lada, sai gini ya ƙara kyau, ya ƙara sauri. Wanda zai kwana a ɗaki ba ya ha'inci a tushensa. Irin wannan haɗin kan shi na fi gani da amfani: kuɗi daga nesa, sanin ƙasa daga ɗan gari, hannu daga mai ɗakin.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lokacin isowar kuɗi. Ciyawar jinka da kaka ake yankarta, daga Oktoba zuwa Disamba, a lokacin tana da araha kuma tana da kyau. Gini da rani ake yi. Daga Yuni hanyar Tunaidba takan zama abin da babbar mota ba ta iya ratsawa sai da tarakta. Su kuwa masu ba da tallafi da shekarar kasafinsu suke aiki, sau da yawa a sa hannu a kan kwangila ana dab da saukar ruwa, a ce kuma lallai a kashe kuɗin cikin watanni kaɗan. Sai ka sayi ragowar ciyawa da tsada, ka biya mota ninki, ka yi gini a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kuɗin ɗaki goma ya ƙare a kan bakwai ko takwas, ba don wani ya ci ba. Da za a ba da tallafin shekara biyu ko uku a dunƙule, a bar mu mu tara kaya da kaka, da mutanen da za a rufa wa asiri sun fi haka yawa da kuɗin nan dai. Tun ran gini tun ran zane.

Akwai kuma tunanin cewa komai na ɗan lokaci ne. Gwamnati ba ta son gini mai ɗorewa don kada sansani ya zama gari, mai ba da kuɗi ba ya son alƙawarin da ya wuce shekara, shi kansa ɗan gudun hijirar zuciyarsa tana gida. Amma ga Shagarab can a jihar Kasala, tun 1985 'yan Eritiriya suke ciki, waɗanda aka haifa a can yau suna da jikoki. Kafin yaƙin 2023 Sudan tana ɗauke da 'yan gudun hijira fiye da miliyan 1. A duniya baki ɗaya, waɗanda ake ɗauka a sake tsugunarwa a ƙasa ta uku kamar Kanada ko Amurka ba su kai kashi 1 cikin 100 a shekara ba. Sauran suna nan tare da mu, a ƙasashen maƙwabta masu fama da nasu talaucin. Yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a Disamban 2018 ta yi maganar rage wa ƙasashen da suka karɓi baƙi nauyi da taimaka wa baƙin su tsaya da ƙafarsu. A fagen gini, ma'anar wannan ita ce a ba mutum takardar da ta tabbatar masa ba za a tashe shi gobe ba. In ya samu, da kansa zai yaɓe bango, ya kewaye gida da zana, ya dasa bishiya. In bai samu ba, ko ƙusa ba zai ƙara ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Mu Hausawan Sudan bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Fili suka samu da izinin zama, suka gina da hannunsu, ga garin Mai Wurno nan har yau.

Batun tsaro kuma ya wuce ƙarfin bango. Ƙa'idar aikin agaji ta ce kowane mutum ya sami aƙalla murabba'in mita 3.5 a ƙarƙashin rufi, a kuma bar fili mai faɗin mita 30 bayan kowace mita 300 ta gine-gine saboda gobara. Da jinka wannan ba abin wasa ba ne, tartsatsi ɗaya da iskar rani ya isa ya cinye layi guda. Shi ya sa muka dage a kan a ware rumfar girki daga ɗakin kwana. Matan da ke zaune su kaɗai da yara kuwa, in ka tambaye su, abin da suke fara ambata shi ne ƙofa mai sakata ta ciki da fitila a hanyar makewayi. Kuɗin waɗannan kaɗan ne, amma su ake fara yankewa in kasafi ya gaza, kuma a kan wannan na sha jayayya a taro.

Daga 15 ga Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, abin ya zo har cikin gidajenmu. Mutanen Khartoum suka fara isowa, sai na Madani a Disamba, sai na Sinja a tsakiyar 2024. Makarantun Gadarif suka cika, azuzuwa aka raba su da zannuwa, haya ta yi tashin da ma'aikaci mai albashi ba ya iya biya. Na lura cewa in aka miƙa wa mutane kuɗin haya alhali ɗakuna ba su ƙaru ba, masu gidaje ne kawai suke ƙara farashi, wanda bai sami tallafi ba kuma a kore shi. Hanyar da aka bi da 'yan Siriya a Jodan da Labanan ta fi dacewa da mu: a ba mai gida kuɗi ya ƙarasa ginin da ya tsaya, shi kuma ya ajiye iyali ba haya na tsawon shekara ko fiye. A unguwanninmu ɗakunan da suka kai linta suka tsaya don rashin kwano da ƙofa ba su ƙirguwa. Sharaɗin da nake sawa a duk inda aka nemi shawarata shi ne a rubuta yarjejeniyar a gaban mai unguwa da shaidu biyu, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa, a kuma faɗi tun farko nawa hayar za ta kasance bayan wa'adin ya cika.