Ranar tururuwa a aji biyu

Jiya na miƙa makullin ajina na bar makarantar da na shekara 3 ina koyarwa a nan Tudun Wada, kuma wallahi har yanzu abin da ya tsaya min a rai shi ne ranar tururuwa.

Ni dai na gaji da zana ƙwaro a allo yara suna kwafa ba su san me suke kwafa ba, sai na ce bari mu fita bayan aji su gani da idonsu. Tun ranar Litinin na sanar da mai makaranta, ta ce ba komai Malama ki yi. Na barbaɗa sukari a gindin darbejiya, kan ka ce me tururuwa sun ja layi, sai na sa wani yaro ya goga yatsa a ƙasa a tsakiyar layin, nan take suka rikice suna ta zagaye, yara suka kaure da ihu. A nan na yi musu bayani cewa wari ne na gaba ke bari a ƙasa na baya su bi shi da 'yan gashin nan biyu na kansu, in an goge warin hanya ta ɓace musu. Da gilashin ƙara girma da na saya da kuɗina muka ƙirga ƙafa 6, muka ga kai da ƙirji da ciki. Da na ce masu dakon abincin nan duk mata ne, sarauniya kuma tana cikin rami aikinta ƙwai, sai wata ta ɗaga hannu ta ce Malama irin wadda ta yi magana da rundunar Annabi Sulaiman ta taho? A Islamiyya ta ji, cikin Suratun Namli. Daɗin da na ji a lokacin Allah kaɗai ya sani.

To sai na yi ganganci. Na ce kowa ya kamo guda ya sa a kwalba, ban ba su cokali ko kara ba, kuma ban zagaya wurin na duba ba tun farko. Ashe akwai ramin cinnaka a jikin katanga. Wata yarinya ta sa hannu suka hau ta da cizo, hannun ya kumbura tana ta kuka. Wannan kam laifina ne ban taɓa musantawa ba.

Abin da ya ƙona min rai shi ne washegari da babanta ya zo, mai makaranta ta kira ni ofis a gabansa ta ce ita sam ba ta san zancen ba, gaban kaina na yi. Ta zabge min albashi ta hana fita da yara. Na yi shiru ne saboda girmanta, amma daga ranar na san zamana a wurin ya zo ƙarshe.

Malamai 'yan uwana, izinin baki ba ya wadatarwa, ku sa a rubuta muku. Ku riga yara zuwa wurin, ku tanadi cokali. Kar kuma ku tono shuri ku ce tururuwa ce, gara ce ke cikinsa, ita kuwa danginta kyankyaso ne.

Jiya yarinyar da cinnaka suka ciza ta kawo min zanen tururuwa ta ce in tafi da shi, ƙafafu shida duk a ƙirji ta maƙala su, daidai yadda muka gani ranar.