Kwana uku a bakin kogin Elbe

Gaskiya daren farko a birnin Hambug na Jamus ban yi wani barcin kirki ba. Masaukina a HafenCity yake, unguwar da aka gina a kan tsohuwar tashar jiragen ruwa, kuma tsallaken kogin ana ta lodin kwantena har asuba, ƙarfe na bugun ƙarfe. Da safe na yi ƙorafi sai mai gidan ya nuna min ashe ni ne ban iya tagar ba, gilashi biyu ne a jere, ka ɗan buɗe kowanne kaɗan iska ta shigo amma ƙarar ta makale a tsakani. Ya ce su ma ’yan tashar an ƙayyade musu iya ƙarar da za su yi da dare. Toh ka ji, kowa ya ɗan sassauta, ba a kori kowa ba.

Unguwar ta kai hekta 157, an amince da tsarinta a 2000, kuma an ɗaga gine-ginen sama saboda ambaliya. Katafaren zauren kiɗa na Elbphilharmonie da aka buɗe a 2017 a kan tsohon sito yake zaune, inda da can ake jibge koko da taba.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ramin da ya bi ta ƙarƙashin kogin, tun 1911 yake, mita 426, an haƙa shi ne don ma’aikata su riƙa tsallakawa wajen aiki. Na taka da ƙafa, sanyi na ratsa ni, masu keke na ta wuce ni, ina fitowa sai ga ni kusa da kamfanin Blohm+Voss inda ake gyaran jiragen ruwa, warin fenti da walda ko'ina, na juyo kuma ga birni can fes kamar hoto. Wallahi da za a rushe wannan wajen a yi gidajen masu kuɗi da an yi asara babba, mutane nawa ke cin abinci a nan fa.

Ba wai tashar ma ba ta ci nata ba. Ƙauyen Altenwerder gaba ɗaya aka tayar don tashar kwantenar da ta fara aiki a 2002, coci ɗaya kawai aka bari da maƙabartarsa. Na je a ranata ta ƙarshe, na daɗe a tsaye a bakin ƙofar cocin, ba gida ko ɗaya, sai manyan motoci ke ta wucewa.