Abin da Na Koya Wajen Zuba Kundayen Taurari a Rumbun Awon Haske

Lokacin da malamin da ke duba aikina ya ce in ɗauko bayanan manyan kundayen taurari in zuba su a rumbun bayananmu na awon haske, na ɗauka aikin mako guda ne. Ƙungiyarmu tana bibiyar taurari masu sauya haske, kuma ba a iya cewa hasken tauraro ya ƙaru ko ya ragu sai an gwada shi da na maƙwabtansa waɗanda aka riga aka san nasu. Waɗannan maƙwabta su ne ma'auninmu, kuma awonsu yana cikin kundayen da wasu suka shafe shekaru suna tarawa: 2MASS, Pan-STARRS, APASS da Gaia. Nawa kawai in sauko da ɓangarorin sama da muke kallo, in shirya tebur, in zuba. Wata huɗu aikin ya ci, kuma mafi yawan lokacin ya tafi ne wajen gyara abin da na zuba a makon farko.

Teburina na farko gurbi biyar ne: sunan tauraro, matsayinsa biyu a sama, sunan matatar haske (gilashin da ke barin wani yankin launi kawai ya wuce), sai magnitud, wato lambar awon hasken tauraro. Ya yi kyau a ido. Da na gama zubawa sai na nemi rumbun ya jero mini taurari ashirin mafiya haske a wani fili, don in ga ko komai ya zauna daidai. Dukkansu ashirin suka fito da lamba ɗaya: -999. A ma'aunin magnitud, ƙaramar lamba ita ce mai yawan haske, kuma kowane mataki biyar yana nufin ninki ɗari, kamar yadda Norman Pogson ya tsara a 1856. Rana kanta a -26.7 take. Kenan rumbuna yana cewa akwai taurarin da suka fi rana haske ninkin da ba shi da iyaka. Ashe haka Pan-STARRS ke rubuta gurbin da ba a samu awo ba. SDSS kuwa, wani babban kundin na daban, -9999 take sawa. Wasu kundayen su bar wurin babu komai. Duk wannan yana rubuce a takardar bayanin kowane kundi, takardar da na buɗe na leƙa sunayen gurabe kawai na rufe.

Wannan kuskure mai sauƙi ne domin yana ihu. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne na 2MASS, wanda ba ya ihu ko kaɗan. An yi wannan bincike tsakanin 1997 da 2001 da na'urorin hangen nesa biyu, ɗaya a Arizona ɗaya a Chile, aka auna abubuwa kimanin miliyan 470 a matatu uku na hasken da ido ba ya gani: J, H da Ks. Kusa da lambobin akwai wani ɗan gurbi mai haruffa uku, harafi ɗaya ga kowace matata. A yana nufin awo mai inganci sosai. U kuwa yana nufin ba a ga tauraron a wannan matatar ba sam. Lambar da aka rubuta iyaka ce kawai, wato haskensa bai wuce haka ba. Amma a cikin fayil, 15.8 na tauraron da aka gani da 15.8 na wanda ba a gani ba kamarsu ɗaya. Ni kuwa na watsar da wannan gurbin tun wajen saukowa, don in rage nauyin fayil. Sai da wata abokiyar aikina ta zana launukan taurarin wani fili, ta ga wani rukuni ya ware gefe guda inda babu dalilin samun tauraro, ta zo ta ce mini, "Ruwa ba ya tsami banza, duba mana waɗannan." Muka bi su ɗaya bayan ɗaya har kundin asali. Kusan duk U ne, kuma gurbin kuskuren awonsu babu komai a ciki, alamar da ya kamata ta tsayar da ni tun farko.

Daga nan na fara fahimtar abin da ya kamata rumbun awon haske ya riƙe. Magnitud ita kaɗai ba ta gaya maka komai sai ka san wa ya auna ta, ta wace matata, da wane sifili (wato hasken da aka ɗauka a matsayin magnitud 0), a wane lokaci, da kuma yadda shi mai awon ya yarda da ita. Maganar sifilin nan ita ce na fi daɗewa a kanta. Akwai tsarin Vega, wanda ya jingina ma'auninsa da hasken tauraron Vega. Akwai kuma tsarin AB, wanda ya ɗauki ƙayyadadden ƙarfin haske, 3631 a ma'aunin ƙarfin haske da ake kira janski, ya ce shi ne sifili a kowace matata. 2MASS da Gaia suna bayar da nasu a tsarin Vega, Pan-STARRS a AB. A hasken da ido ke gani, wajen matatar V, tsarin biyu sun kusa zama ɗaya, shi ya sa mutum zai iya cakuɗa su ya daɗe bai gane ba. Amma a Ks tazararsu ta kai kimanin magnitud 1.85, fiye da ninki biyar na haske. APASS kuma a cikin layi ɗaya take haɗa duka biyun: B da V a Vega, g da r da i a AB. Wanda ya yi wa kundi gaba ɗaya tambarin tsari guda ya riga ya ɓata rabinsa.

Haka sunayen matatun. Don in daidaita rubutu, na sa manhajata ta mayar da kowane suna ƙananan haruffa. Nan take G ta Gaia da g ta Pan-STARRS suka zama abu ɗaya a rumbu. Kama da wane ba ta wane. G ta Gaia faffaɗa ce ƙwarai, tana kwasar haske mai tsawon zango daga kusan nanomita 330 har 1050, ita kuwa g ɗan yankin shuɗi zuwa kore kawai take ɗauka. Jan tauraro yana iya bambanta da fiye da magnitud guda tsakanin su biyun. Har g ta Pan-STARRS da g ta SDSS ma ba daidai suke ba, duk da harafin ɗaya ne. Yanzu kowace matata tana da layinta a wani tebur na daban, da sunan binciken da ya yi amfani da ita da tsarin sifilinta, kuma babu awon da zai shiga rumbu sai ya nuna wace ce tasa a cikinsu.

Batun saurin zubawa, wanda na zaci shi ne zai fi wuya, a yini biyu aka gama da shi. A PostgreSQL, manhajar da rumbunmu ke kai, umarnin COPY ya fi zuba layi ɗaya-ɗaya sauri nesa ba kusa ba, kuma fihirisa, jerin da ke saukaka nema a rumbu, ana gina ta ne bayan an gama zubawa. Don neman abin da ke kusa da wani wuri a sama muka sa Q3C, wani ƙari na PostgreSQL da aka yi don wannan aikin. Shi ke nan.

Haɗa tauraro ɗaya daga kundaye daban-daban shi ne aikin da har yanzu nake yi da taka-tsantsan. Da farko na ce duk abu biyu da tazararsu ba ta kai sakan ɗaya na kusurwa (kashi ɗaya cikin 3600 na digiri) ba, tauraro ɗaya ne. Sai wasu taurari masu haske, waɗanda babu yadda za a yi wani bincike ya rasa su, suka fito ba su da abokin haɗi. Dalili shi ne taurari suna tafiya. Matsayin da ke cikin fitowar Gaia ta uku, wadda aka saki a Yunin 2022 da abubuwa kimanin biliyan 1.8, matsayi ne na farkon shekarar 2016. Na 2MASS kuwa na daren da aka ɗauki hoton ne, kusan shekara goma sha biyar ko fiye kafin nan. Tauraron Barnard, wanda ya fi kowane saurin gocewa a sama, yana yin sama da sakan 10 a shekara, don haka tsakanin binciken biyu ya matsa kusan minti uku na kusurwa. Shi daban ne, amma ko wanda ke yin kashi ɗaya cikin goma na sakan a shekara ya riga ya fice daga da'irata. Mafi muni shi ne a fili mai cunkoso, inda idan na gaskiyar ya fice, wani ɗan dusasshe da ke kusa sai ya maye gurbinsa, manhaja kuma ta karɓa ba musu. Gyaran shi ne a ɗauki tafiyar da Gaia ta auna wa tauraron, a mayar da shi baya zuwa ranar da ɗaya binciken ya gan shi, sannan a gwada. A kuma adana tazarar da aka samu da yawan waɗanda suka faɗo cikin da'irar, domin mai amfani ya san ko haɗin na tabbas ne ko na zaɓi.

Akwai wani ƙaramin abu da ya ɗauke mini kwana uku. Lambar shaidar tauraro a Gaia tana kaiwa alƙalami 19. Wani a cikinmu ya buɗe jerin a manhajar lissafi ta ofis don ya duba, ya adana, ya turo mini. Irin wannan manhaja alƙalami 15 kawai take riƙewa, sauran ta mayar da su sifili. Lambobin suna nan da tsawonsu, da kamanninsu, amma ba sa nuna kowane tauraro. Ko a cikin manhajar da mutum ya rubuta da kansa, idan lambar ta ratsa ta gurbin lamba mai ɗigo, ƙarshenta zai lalace. Kuma lambar ba ta dawwama daga fitowa zuwa fitowa: ta fitowar 2018 ba lalle ta nuna abu ɗaya da ta 2022 ba, shi ya sa cikakken sunan yake farawa da Gaia DR2 ko Gaia DR3.

Da na je wa malamina da jerin waɗannan matsaloli, ina tsammanin zai ce in gyara teburin. Sai ya ce, "Ina fayilolin da ka sauko da su?" Na ce na goge su bayan na zuba, saboda wuri. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in sake saukowa da komai, da kowane gurbi, in ajiye shi yadda ya zo, kada in taɓa ko ɗigo. Na ji nauyin maganar, domin aikin wata guda ne ya rushe, amma ita ce ta canza tsarin rumbun. Yanzu hawa biyu ne. A ƙasa akwai kwafin kowane kundi kamar yadda masu shi suka fitar, da ranar da aka sauko da shi da tambayar da aka yi wajen saukowar. A sama akwai teburin da muke aiki da shi, wanda manhaja ke ginawa daga na ƙasan, kuma kowane layi yana ɗauke da adireshin layin da ya fito daga gare shi. Idan muka gano kuskure a wajen mayar da -999 babu komai, ko a wajen haɗa taurari, manhajar muke gyarawa mu sake gina na saman cikin dare ɗaya.

Kafin kowace sabuwar zubawa ta samu shiga, akwai taurari goma sha biyu da nake dubawa da hannu, in buɗe shafinsu a VizieR, ma'ajiyar kundaye da ke Strasbourg a Faransa, in gwada lamba da lamba. A cikinsu akwai tauraron Barnard, da ɗaya mai U a matatar Ks, da wasu biyu da ke manne da juna, da ɗaya da ke zaune daidai inda awon matsayi na kewayen sama ke kaiwa digiri 360 ya koma sifili. Wannan na ƙarshen na ƙara shi ne a watan jiya, bayan da binciken da'ira a wannan wurin ya dawo mini da rabin taurarin filin kawai.